Baƙin Zanen Ladingo

Yaran unguwarmu sun zo mini kwanakin baya da waya a hannu, wai in fito musu a matsayin kaka a wani ɗan wasa da suke ɗauka. Na ce to, yaushe ne gwaji? Suka dubi juna suka fashe da dariya. Babbansu, jikan maƙwabcina, ya ce, "Hajiya, wane gwaji kuma? Ki faɗi abin da ya zo bakinki kawai, in bai yi ba mu goge mu sake." Na ce masa Allah ya yi maka albarka, kai dai ka zo a sa'a. A zamaninmu babu gogewa. Abin da ka yi a gaban kyamara, a lokacin nan yake shiga gidajen mutane, in tuntuɓe ka yi, to Kaduna da Zariya duk sun gani. Tunda sun ce aikin wasa ne, na sa suka shimfiɗa tabarma, na ce su zauna su ji yadda wasan yake.

Sunana Rabi, amma tsofaffin da suka ga talabijin na farko Ladingo suka sani. An haife ni a wani ƙauye kusa da Hunkuyi, kuma ni ce 'yar fari a wurin Inna. Wannan sai na yi wa yaran yanzu bayani. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zuba masa ido a gaban mutane, ba ta yabonsa, in za ta yi masa magana sai ta bi ta bakin wani. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar babana, Goggo Hure, wadda ke aure a Zariya. Ita ta rene ni, ita ta sa ni makaranta. In mun zo gida hutu, Inna "waccan" take ce mini, ko "'yar Hure". In ta dafa dambun da nake so, sai ta tura wa Goggo kwanon ta ce, "A ba baƙi." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka ake yi a kowane gida, amma har na girma ban tuna ranar da muka haɗa ido da ita ba.

Aikina na farko a garin Paki na yi shi, a bayan wata babbar mota. A shekarun da aka sami 'yancin kai akwai motar majigi da ke zagaya ƙauyuka, tana nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani da amfanin rigakafi. Kafin a haska majigin ana yin ɗan wasan kwaikwayo don a tara jama'a. Mai shirya wasan, Malam Haruna, tsohon malamin makaranta ne, siriri, mai faɗa, kuma ya gaji da ɗaura wa ƙarti zane da ɗankwali, don mata ba su yarda su fito. Ya gan ni a wasan ƙarshen shekara na makarantarmu, ya taka har gida ya roƙi Goggo. Goggo ta ce ta ba shi ni amana, in ƙwarzane ya same ni ta san ƙofar gidansa.

Abin da aka ba ni a Paki shi ne in shigo da ƙwarya in ce, "Ga ruwa, maigida." Na shigo, na faɗa, ko akuyar da ke ɗaure a gindin motar ba ta ji ni ba. Washegari Malam Haruna ya kai ni filin ƙwallo, ya tsayar da ni a wannan raga, shi ya tafi waccan. In ce, "Ga ruwa, maigida!" shi kuma ya kama kunne ya ce, "Ban ji ba!" Haka muka yi ta yi har muryata ta dushe, ta dawo, ta sake dushewa. Ya hana ni ihu, ya ce daga ciki ake turo murya, ba daga maƙogwaro ba. Rani guda na yi ina ɗaukar ƙwaryar nan. In na yi ƙorafi sai ya ce in fara iya tsayuwa shiru a gaban jama'a ba tare da na sosa kunne ko na gyara zane ba, sannan a ƙara mini magana.

A Ikara na fara gane irin masu kallon da Allah ya ba mu. Muna wasan faɗan mata da miji a kan irin gyaɗar da maigida ya soye ya cinye kafin shuka, sai wani dattijo ya kama ƙarfen motar ya hau da sandarsa, ya shiga tsakaninmu. Ya dubi abokin wasana ya ce, "Kai ba ka da kunya? Ka cinye iri, kuma kana ɗaga mata murya a gaban mutane?" Na waiwaya wurin Malam Haruna, ya yi mini alama kada a tsaya. Sai muka durƙusa, dattijo ya yi mana sulhu, muka yi godiya, ya sauka yana huci, jama'a na tafi. Daga ranar na san mutanenmu ba su kallon wasa da rabin zuciya, abin da ka nuna musu da shi za su tafi gida.

Da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna aka kira Malam Haruna, shi kuma ya tafi da mu. Rabin abin da na koya a filin ƙwallo sai da na sauke shi a bakin ƙofa, don a nan in ka ɗaga gira ma an gani, in ka yi ajiyar zuciya an ji. Ɗakin wasan babu taga. Fitilu ne a sama manya-manya, in an kunna su kafin ka gama sallama gumi ya jiƙa maka baya, shi ya sa kowa da tsumma da hoda a ɓoye cikin kayan wasansa. Kyamarori biyu ne, kowace sai an tura ta a kan taya, da jar fitila a goshinta. Wadda jar ta kama, ita ke kallonka. Abin magana yana rataye a kan dogon ƙarfe bisa kanka, in ka miƙe da garaje ka buge shi, masu kallo su ɗauka aradu aka yi. A ƙasa kuwa alli ne. Kowa da wurin da aka zana masa, in ka gota kaɗan, rabin fuskarka ya fita daga hoto.

Ba a rubuta mana magana. Malam Haruna zai ba mu labarin, ya ce kai ka shigo da fushi, ke ki musa, a ƙarshe mai unguwa ya raba, sauran duk daga bakinmu zai fito. Muna yi yana tsugune a gefen kyamara. In ya juya yatsa, a yi sauri lokaci ya ƙure. In ya ja hannuwansa kamar mai jan zare, a tsawaita, ko da maganar ta ƙare ƙarƙaf. Kuma ba kanka kaɗai kake tsaro ba. Na taɓa ganin babban mutum, mai gemu, jar fitila ta kama shi ya manta ko sunan matarsa ta wasa, ya tsaya yana zare ido. Dole na ce, "Maigida, ka yi shiru, ko maganar gonar nan ce take cin ranka?" Sai ya ce, "Ita ce, ita ce!" muka ci gaba. Wannan ba a koyonsa a rana ɗaya.

Mai riƙe da kyamara ta ɗaya sunansa Bulus, mutumin kudancin Zariya, mai haƙuri da sanyin magana. Shi ya koya mini sha'anin tufafi. Hoton lokacin fari da baƙi ne, kuma kyamarar ba ta shiri da farin kaya. In ka sa fari sai ya kwashe hasken duka, fuskarka ta koma baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Atamfa mai ƙananan zane kuma tana sa hoton ya riƙa rawa. Don haka kayan wasanmu duk masu duhu ne, in kuwa dole sai an sa fari, a tsoma shi a ruwan shayi tukuna ya dushe. "Rabi," in ji shi, "mutane fuska suke zuwa kallo. Duk kayan da zai cinye fuska, ki bar shi a gida."

Ladingo kuwa dalilin kaza aka same ta. An ba ni matsayin mai sayar da hatsi a kasuwa, magana biyu kawai zan yi, sai kazar da aka kawo don kasuwar ta yi kama da kasuwa ta kwance, ta hau tulin dawata tana tsattsaga, ga jar fitila a kaina. Ba damar tsayawa. Na miƙe na riƙe ƙugu na ce, "Kazar wace marar mutunci ce wannan? Ita ma ɗanɗano ta zo yi kamar uwar ɗakinta?" Na bi ta da mudu muka zagaye ɗakin, Bulus yana bina da kyamara yana cije leɓe, Malam Haruna kuwa sai jan zare yake yi. Tun daga ranar aka ce kowane mako sai Ladingo ta fito: mai hatsi, mai baki, mai mudun da ta daki gindinsa ya loɓa ciki, kuma kullum a ƙarshe asirinta ya tonu. Da wani shuɗin zane guda take fitowa, har aka san ta da shi.

Akwatunan talabijin ba su da yawa a lokacin, gidan da ke da shi yara da manya ne cike a taga. Amma suna ya riga hoto isa ko'ina. Wata rana a kasuwar Makarfi wata mata da ta taɓa ganina a gidan ɗanta a Zariya ta riƙe mini mayafi, ta ce wa mai awon da ke kusa, "Ɓoye mudunka, ga ta nan!" Ta juyo ta yi mini wa'azi a kan tauye mudu, sai da na yi mata alkawarin na tuba kafin ta sake ni. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Yarinya ce ni, kuma ga kasuwa guda tana nuna ni da yatsa tana dariya.

Sai dai labarin da direbobi suka sauke a ƙauyenmu ba haka yake ba. Cewa aka yi 'yar gidan Malam Idi ta shiga akwati tana zage-zage, maza na kallo. Babana ya riga ya rasu, gidan yana hannun yayansa, Baffa Malam Idi, wanda ke karantar da manya littattafai a zaurensa. Ya aika a kira ni, muka tafi tare da Goggo. Bayan an gama gaisuwa ya rufe littafin da ke gabansa.

"Rabi'atu, an kawo mini maganganu," in ji shi. "Ni ban ga abin nan ba, kuma ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Amma ko na gani na ce babu laifi, akwai wadda ta fi ni hakki a kanki. In uwarki ta gani ta ce a'a, kin bar shi ke nan, ki tattaro ki dawo gida. Kin ji?"

"Na ji, Baffa."

Kuma da gaske na amsa. Aikin da babu albarkar uwa a cikinsa, ba zan iya tsayawa a gaban fitila in yi shi ba, ko da duniya duka tana tafa mini. Matsalar ita ce Inna ba ta taɓa ganin talabijin ba, kuma ba macen da za ta hau mota zuwa Kaduna don kallon 'yar fari ba ce. Goggo ta shiga ta tambaye ta ra'ayinta, ta ce, "Ni me na sani? A tambayi masu ita." Haka na koma bakin aiki, maganar tana rataye a wuyana.

Ana cikin haka shekarar wahala ta shigo. Ƙasa ta rikice, da yawa daga masu gyara mana na'urori suka tattara suka koma garuruwansu, wasu ko sallama ba mu samu mun yi ba. Ƙwan fitila in ya mutu babu na canji. 'Yan wasa suka watse, wani ya koma koyarwa, wani ya shiga soja. Muka rage mu kaɗan, mu ne wasa, mu ne shara, mu ne jan waya. Kyamara ta biyu ta lalace, aka tura ta lungu aka rufe da buhu. Da kyamara ɗaya babu inda za ka ɓuya ka share gumi, sai dai ka juya baya kamar kana neman wani abu a cikin buhun hatsi. Mutum ɗaya ya fito mai unguwa, ya zagaya bayan zana ya canza hula ya dawo ɓarawo. Duk da haka ba mu bar mako ya wuce babu wasa ba, don Malam Haruna ya ce a irin wannan lokaci mutane suka fi bukatar abin da zai sa su dara.

A cikin shekarar ne aka fara aika akwatin talabijin ƙauyuka tare da motar majigi, don mutane su riƙa ganin labarai da idonsu, a rage jita-jita. Bulus ya san damuwata. Ya nemi a kai akwatin Hunkuyi a ranar wasanmu, kuma ya ce shi da kansa zai kai, don in ba a ɗaga eriya daidai ba, hazo-hazo kawai za a gani. Na yi murna, na aika wa Baffa. Sai daga baya na tuna in Bulus yana Hunkuyi, to ba ya bayan kyamara. Wanda zai tsaya a madadinsa bai daɗe da fara koyo ba, bai iya bin mutum in ya sunkuya ko ya miƙe ba, har Malam Haruna ya ce yau kowa ya tsaya ƙyam a kan allinsa, ba durƙuso, ba zama.

Kamar wannan bai isa ba, da safen ranar muna gwaji fitila ta ɓalle daga sama ta faɗa cikin akwatin kayanmu. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin, amma shuɗin zanen Ladingo ya ƙone. Nawa na gida duk atamfa ce mai sa hoto rawa. Abin da aka samu kawai wani farin zane ne da mayafinsa, aka tsoma a shayi, shayin ma bai kama sosai ba. Na ja Malam Haruna gefe na ce ko yau in rage wa Ladingo baki kaɗan. Ya harare ni ya ce, "In kin rage, kin yi wa uwarki ƙarya. Ki nuna mata aikin yadda yake."

Bayan magariba jar fitila ta kama. Na yi wasanni da yawa a rayuwata, amma ban taɓa jin tsoro kamar na ranar ba. Labarin shi ne Ladingo ta tauye wa wata tsohuwa awo, sarkin kasuwa, sanye da baƙar riga, ya kama ta, aka yi ta cacar baki, a ƙarshe kunya ta kama ta, ta cika ƙwaryar tsohuwar har tana zuba ta miƙa mata. Na saki bakin Ladingo yadda aka saba. Na miƙa ƙwaryar a tsaye a kan allina, jar fitila ta mutu, na zauna a ƙasa ina haki.

Washegari Bulus ya dawo, na tare shi tun bai sauke kaya ba.

"An cika," in ji shi. "A ajin makaranta muka sa akwatin, na ɗaure eriya a kan gora. Baffanki yana gaba a kan kujera, mata suna baya a kan tabarma. An nuna mini mamanki."

"Sai me?"

Ya sosa kai. "Kina fitowa wata mata ta ce, 'Ga 'yarki nan!' Kowa ya juya yana kallonta. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta fita. Har aka gama ban ga ta dawo ba. Ki yi haƙuri, Rabi. Kuma farin nan ya cuce mu, fuskarki ba ta fito ba."

Na san kunyar 'yar fari sarai, amma a ganina kunya sunkuyar da kai ce. A tashi a fita kuwa, wannan hukunci ne. Na je na gaya wa Malam Haruna ya nemi wata Ladingon. Ya ce in je in ji daga bakinta tukuna. Na ce, "Malam, ai ba ta yi mini magana." Ya ce, "To ki ji daga bakin da take bi."

Na biya Zariya na ɗauki Goggo, muka hau motar kasuwa zuwa Hunkuyi, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki, ana ta yankan dawa. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya ce, "Ladingo, ina mudun?" ni kuwa ko murmushin kirki na kasa. Muka iske Baffa a zaure. Aka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Zariya, ya tambayi Kaduna da zaman ɗar-ɗar da ake yi, sannan ya gyara zama.

"Na gani," in ji shi. "Saɓo dai ban gani ba, sai surutu. Kuma mai tauye mudu ta ji kunya a ƙarshe, mu ma abin da muke faɗa ke nan a zauren nan. Sai dai bakin nan, Rabi'atu, ban san inda kika gado shi ba." Ya saci kallon Goggo.

"Yaya Malam, in da ni kake, ka faɗa," in ji Goggo.

Ya ɓoye dariyarsa a hannun riga. "Ku shiga ciki. Magana tana can."

Inna tana tsakar gida tana shiƙar dawa, ta ba mu baya. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa wa Goggo: "Hure, kun zo lafiya? Ya gajiyar hanya? Ya maigidan, ya yara?" Aka gama, ta ci gaba da shiƙarta.

"Abu," in ji Goggo, don haka take kiran Inna, "an ce an kawo muku wasa."

"An dai kawo wani akwati." Ta kaɗa faifai, ta hure ƙaiƙayi. "Hure, tambaya zan yi miki. A ƙarshen abin nan, da aka miƙa wa tsohuwa ƙwarya, a tsaye aka miƙa mata. Haka kike koyarwa a Zariya?"

Na ɗago kai da sauri. Miƙa ƙwaryar nan shi ne abu na ƙarshe a wasan, daga shi sai kashe fitila. Goggo ma ta gane, ta tafa hannu.

"A'a, Abu! Ba an ce tun da fari kika fita ba? Ta ina kika ga ƙarshen?"

Inna ba ta juyo ba. "Ciki zafi," in ji ta. "Bayan aji akwai taga, can ya fi iska."

Goggo ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, wani nauyi da na yi watanni ina ɗauke da shi ya sauka, har na ji kamar in kwanta a wurin in yi barci. Ashe ba fushi ta yi ba. Ba za ta iya zama a tsakiyar mutane ana kallonta tana kallon 'yar fari ba, sai ta zagaya inda babu mai ganinta, ta tsaya a kan ƙafafunta daga farko har ƙarshe.

Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki. Muka ji tana buɗe adudu. Ta fito da wani baƙin zane saƙi, rinin shuni, wanda aka kawo ta gidan da shi tana amarya. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta ɗora shi a cinyar Goggo.

"Na lura mai baƙar rigar nan, fuskarsa ta fito tas," in ji ta. "Farin nan kuwa cinye wa mutane fuska yake yi, ido ya yi ta nema bai samu ba. A ba masu wasan. In an sake kawo akwatin, a samu a ga fuska."

Ta koma kan shiƙarta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ni ya ishe ni.

Da zanen nan Ladingo ta ci gaba da fitowa har na bar aiki. Bulus ya duba shi ta cikin kyamara ya ce bai taɓa ganin kayan da ya fito da fuska haka ba. Na kuma sa aka zana mini wani alli a ƙasa, don tun daga ranar, duk iya shegen Ladingo, in za ta miƙa wa babba abu sai ta durƙusa. Masu kallo suka ɗauka wani sabon salo ne na ban dariya, ban gaya wa kowa dalili ba. Abubuwa suka lafa, aka gyara kyamara ta biyu, aka kawo sababbin fitilu, daga baya har aka fara ɗaukar wasa a ajiye. Inna kuwa har Allah ya karɓi ranta ba ta kira sunana ba, ba ta kuma taɓa ce mini ta ga wasa ba. Sai bayan rasuwarta matan gidanmu suka gaya mini akwai wani tsohon turmi a kife a gindin tagar ajin nan, kuma duk ranar da aka kawo akwatin, yara sun san ba a hawansa, yana da mai shi.

Da na kai nan, sai na ga mai wayar ya sauke ta. Na ce musu zan fito musu kakar, amma sai an yi gwaji, kuma kada wanda ya kawo mini farin mayafi. Jikan maƙwabcina ya ce, "Hajiya, ai kyamarar yanzu ba ruwanta da fari ko baƙi." Na ce na sani. Na shiga ɗaki na ɗauko zanen Inna na ɗaura, na ce ya matso kusa ya ɗauki fuskar da kyau.